Yadda Ake Haɗa Fuskar Dodo Da Ƙwarya Da Rama Don Tashe Da Wasan Makaranta

Da zarar Sha'aban ya raba, tambayar nan takan dawo. Malaman firamare masu shirya wasan ƙarshen zango, iyayen da yara suka matsa wa lamba saboda tashe, samarin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo daga cikin birnin Zariya har Samaru, kowa yana son sanin yadda ake haɗa fuskar dodo da kayan gida. Na ga gara in jera aikin baki ɗaya a wuri guda, yadda wanda bai taɓa riƙe basilla ba zai iya bi.

Fuskar da nake nufi ta wasa ce: dodo, kura, biri, tsoho mai gemu. Ba a ɗaura mata laya, ba a yi mata yanka. Ina kuma roƙo kada a kwaikwayi dodannin gargajiya na maƙwabtanmu na kudancin Kaduna da Filato, ko na Nufawa da Yarbawa, a mai da su abin wasan yara. A wurin masu su abin girmamawa ne, akwai ƙa'idar wanda zai taɓa da wanda zai gani. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da zancen sura ba, ya tambayi malaminsa kafin ya soma, Zariya ba ta rasa wanda za a tambaya ba.

Wanda zai sa fuskar nan galibi yaro ne, da dare, yana gudu a lungu yana waƙa, ga kwata, ga babura, ga wutar mai ƙosai. Saboda haka gani da numfashi da rashin nauyi su ne gaba a kowane mataki, kyau da ban tsoro su biyo baya. Dalilin da ya sa ba na son fuskar roba ta kasuwa ke nan: tana manne wa fata, tana tara gumi, kafofin idonta kuma ba a auna su da idon kowa ba. Ƙwarya ba ta da nauyi, tana barin iska tsakaninta da fuska, kuma kai ne za ka yanke ta daidai da mai sawa.

Kayan aiki da inda kuɗin ke tafiya

Za ka nemi ƙwarya biyu, ɗaya ta aiki, ɗaya ta gwaji da yankan hanci da kunne. Sai rama wadda aka riga aka saɓe aka wanke, kimanin damtse biyu, da guntayen fata, da zare mai ƙarfi irin na dukawa, da ƙaro, da farar ƙasa, karan dafi, bagaruwa, kanwa kaɗan, man kaɗanya, tsohon yadin auduga, da robar wando ta tela kamar kamu ɗaya. Kayan ƙarfe kuwa: siririyar wuƙa mai kaifi, basilla, ƙusoshi biyu (babba da ƙarama), awartaki ko filaya, guntun zarton yankan ƙarfe, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, da kaskon gawayi.

Ƙwarya da rama su ne ke cin mafi yawan kuɗin. A Sabon Gari ko Tudun Wada za ka samu duka a rana ɗaya, amma kasuwannin kewaye irin su Giwa da Soba sun fi sauƙi, musamman bayan kaka lokacin da aka fafe duma. Fata kada ka sayi guda. Je wurin baduku ka ce, "Baba, guntayen da suka rage nake so," sau da yawa da ɗan abin goro zai cika maka hannu. Karan dafi da bagaruwa da ƙaro suna wurin 'yan koli da masu kayan jima, kuma na kuɗi kaɗan zai yi fuska uku ko huɗu. Kayan ƙarfe aro za ka yi wurin kafinta ko maƙeri. Idan makaranta ce za ta haɗa goma, a sayi rini da rama a dunƙule, ƙwarya kuwa a zaɓe ta ɗaya-ɗaya da awon kowane yaro.

Aikin yana cin kwana 5 zuwa 7, kuma yawancinsu jiran bushewa ne. Tunda tashe yana farawa ne in azumi ya kwana goma, wanda ya soma a ƙarshen Sha'aban ba zai yi gaggawa ba.

1. Zaɓen ƙwarya

Kafin ka fita kasuwa, ɗauki zare ka auna fuskar mai sawa sau biyu: daga inda gashi ya soma a goshi zuwa ƙarƙashin haɓa, sannan daga gaban kunne zuwa gaban kunne. Ka ƙulla zaren ka tafi da shi. Bakin ƙwaryar ya fi awon tsawon fuska da kamar yatsu biyu. A ƙiyasi, yaron firamare yana buƙatar mai faɗin santimita 18 zuwa 20, babba kuma 22 zuwa 25. Masaki ya yi girma, ƙoƙo ya yi kaɗan.

Ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Ta ƙwarai tana ba da amo a sarari, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sautinta a dushe yake. Ɗaga ta sama ka duba ta cikin hasken rana, duk inda haske ya ratsa, wurin ya yi siriri. Kaurin da ake so shi ne milimita 4 zuwa 6. Matsa bakinta a hankali da hannu biyu: in ta lanƙwashe kamar kwali, an cire duman bai ƙosa ba, kuma za ta tsage a wurin yankan ido. Ka duba ƙananan huji masu zubo gari, alamar ƙwaro ne a ciki.

Idan an fafe duma ana samun rabi biyu, na wajen kara da na gindi. Nemi na wajen kara, wanda tsakiyarsa ta ɗan turo waje, domin nan hancin mai sawa zai sami wurin zama. Gaya wa mai sayarwa abin da za ka yi da ita. "Inna, ba ta fura nake nema ba, yankawa zan yi," sai ta fito maka da masu tabo ko ɗan ɓalli a baki waɗanda matan aure ba sa saye, ta kuma rage maka kuɗi. Ɓalli a baki ba ya hana komai, tunda bakin ma datse shi za a yi.

2. Wanki da kankara

Jiƙa ƙwaryar a ruwan ɗumi na rabin awa, ka ɗora mata dutse don ta nutse. Da cokali ko sakaina ka kankare totuwar da ta rage a ciki har ka iske jiki mai tauri. Ka zubar da ruwan, ka sake jiƙa ta a sabo ta kwana, washegari ka sake wankewa. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, in gumi ya jiƙa ta ɗacin yana sauka a leɓe da ido, yaro ya dinga murza ido yana hawaye. Ɗan lasa gefenta da harshe, in da sauran ɗaci a sake jiƙawa. Bayanta kuma a goge da yashi mai laushi da soso.

A shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kife bisa 'yan duwatsu uku, kwana ɗaya zuwa biyu.

*Hattara:* kada ka sa jiƙaƙƙiyar ƙwarya a tsakiyar rana ko kusa da murhu, bayanta zai riga cikinta bushewa ta tsage. Kada kuma ka kankare busasshiya, ƙurarta tana shaƙe maƙogwaro, balle ga mai asma. In dole sai an goge ta a bushe, a yi a tsakar gida da takunkumi a hanci.

3. Awo a fuskar mai sawa

Wannan mataki ne ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa. Mutum yakan zana ido da baki inda suka yi masa kyau, ya yanke, sannan ya kira yaro ya gwada. Sai a tarar idon yaron yana kallon bangon ƙwarya, yana ɗaga kai yana leƙe ta kafar hanci.

Fara da zurfi. Kifa ƙwaryar a fuskar yaron ka tambaye shi ko hancinsa yana taɓa ciki. Abin da ake so shi ne hancin ya rage kamar yatsa ɗaya ya taɓa. Yawancin ƙwarya ta fi haka zurfi, kuma duk yadda kafar ido ta yi nisa da ƙwayar ido, haka gani ke ƙuntata, kamar mai leƙe ta cikin zunguru. Maganinsa a rage bakin ƙwaryar. Zagaya ta da gawayi ka ja layi yatsa biyu ko uku daga baki, gwargwadon zurfin da ya yi yawa. A ɓangaren haɓa ka zana lanƙwasa mai shiga ciki don kada bakin ya dinga bugun maƙogwaro in yaron ya sunkuya, a gefe biyu kuma ka ɗan fafe inda kunnuwa za su zauna. Yanke wannan da guntun zarto, ka goge bakin da samfefa, ka sake gwadawa.

Sai ido. Sa yaron ya kalli gabansa, ka auna da zare daga tsakiyar ƙwayar ido zuwa tsakiyar ɗayar. Ga babba yakan kai santimita 6 da 'yan kai, ga yara kuma tsakanin 5 da 6. Auna kuma daga haɓa zuwa layin ido, da daga haɓa zuwa tsakiyar baki. Ja layi tsaye a bayan ƙwaryar ya raba ta biyu ta kan tsakiya, ka ɗora waɗannan awon a kansa. Tunda bayan ƙwarya a gantsare yake, ƙara kamar rabin santimita a kowane gefe na awon ido.

Kada ka yanke tukuna. Da ƙaramar ƙusa mai zafi ka huda 'yar kafa ɗaya a kowane ido, ka jira ta huce, yaron ya riƙe ƙwaryar a fuska ya faɗa maka ko yana ganin haske sosai a gabansa, ko sama, ko gefe. In ya ce sai ya matsar da ita yake gani, gyara zanen ka sake hudawa. Kafar gwaji biyu ko uku ba asara ba ce, duk za su faɗa cikin yankan ido.

*Hattara:* ba a kusantar da ƙusa, basilla ko wuƙa ga ƙwarya tana kan fuskar mutum, ko da don yin alama ne. Alama da gawayi ko alli kawai ake yi.

4. Yankan ido da baki

Zana ido da faɗi. Mafi ƙaranci santimita 3 a tsaye da 4 a kwance, kuma faɗin ya fi karkata wajen kunne da ƙasa, domin gefe ne babur ke fitowa, ƙasa ne rami yake. Masu son ido ɗan tsirit don ya fi ban tsoro, su yanke babba, daga baya su manna baƙin yadi mai shara-shara ta ciki ko su zagaye shi da baƙin launi. Na waje zai ga duhu, na ciki yana gani. Amma in da dare za a fita, ni ban yarda da yadin ba sam, a bar kafar a buɗe.

Baki shi ne hanyar numfashi da murya, kuma tashe ba ya yiwuwa ba waƙa. Ya kai santimita 7 zuwa 8 a kwance, 2 zuwa 3 a tsaye, ya kuma daidaita da bakin mai sawa. Ƙara kafa biyu a ƙarƙashin inda hanci zai zauna. Tsakanin kowace kafa da 'yar'uwarta, da tsakanin kafa da bakin ƙwarya, a bar aƙalla yatsu biyu na jiki. Wurin da ya fi karyewa shi ne tsakanin idanu biyu, don haka in awon yaro ya matse, rage faɗin ido ta wajen hanci, ka ƙara ta wajen kunne.

Yadda ake yankan: sake jiƙa ƙwaryar minti 20 ta ɗan yi laushi, ka kife ta a kan dunƙulen tsumma ko tulin yashi mai danshi yadda cikinta zai sami madogara. Sa babbar ƙusa a garwashi har ta yi ja, kama ta da awartaki, ka jera huji kusa da kusa a cikin layin da ka zana, ba a kansa ba. Nauyin ƙusar da zafinta sun isa, kada ka danna. In ka zagaye, sai ka haɗe hujin da bakin wuƙa, guntun ya faɗa ciki. Magagari zai kai ka kan layi, samfefa ta gama. Shafa ɗan yatsa a gefen kowace kafa ta ciki, in ya karce ka, zai karce fatar ido.

*Hattara:* hayaƙin ƙwarya yana yaji a ido, a waje ake wannan aiki, kuma aikin manya ne. Yara su jira wurin shafa launi.

In ta tsage, kada ka jefar. Huda ƙaramar kafa daidai inda tsagar ta tsaya, wannan ne ke hana ta ci gaba. Sai ka jera huji a gefe biyu ka ɗinke da zare yadda gyartai ke yi, ka shafe da ƙaro mai kauri ta ciki. A fuskar dodo ɗinkin yakan zama tabo mai kyau. Tsagar da ta haɗa ido da ido ce kaɗai ba ta ɗaukar gyara, nan sai a koma ƙwarya ta biyu.

5. Hanci, kunne, haƙora da ƙaho

Komai ɗinka shi ake yi. Ƙaro ko gam shi kaɗai ba ya riƙe abu a bayan ƙwarya saboda santsinsa, daren farko zai ɓalle.

Hanci ya fi kyau da kan ƙaramin ludayi da aka raba biyu, ko sakaina mai lanƙwasa. Ga kura ko biri, ɗan ƙoƙo ne ake kifawa a kan baki ya zama dogon baki, amma sai an fafe gabansa sosai don kada ya toshe iska. Huda kafa huɗu ko shida a gefen abin da za ka ɗora, ka yi musu abokai a jikin fuskar, ka ɗinke, ƙullin ya kasance ta waje ko a binne shi ƙarƙashin fata. Kunne na fata ya fi na sakaina, domin yana lanƙwasa in an bugi bango, kuma yana rawa in ana tsalle. Haƙora a yanka su daga farar sakaina ko a yi da 'ya'yan kabewa, a jera a kan siririyar fata, a ɗinka ta a leɓen sama. Na ƙasa a bar shi, haƙora sama da ƙasa suna cinye rabin kafar numfashi.

Ƙaho shi ne abin da samari suka fi so, shi ne kuma ya fi ɓata fuska. Ƙahon rago yana da nauyi, yana jan fuskar gaba, kafar ido ta sauka kan kunci. Ga yaro, mariƙin ludayi biyu sun wadatar, in an ƙona su da wuta ba mai bambance su da ƙaho daga nesa. Babban da ya nace, ya nemi ƙaramin ƙahon akuya wurin mahauta, ya tafasa shi awa ɗaya ko fiye har ƙashin ciki ya saki, ya buge shi ya fita, ya wanke da toka, ya shanya kwana uku. Wanda bai cire ƙashin ba, wari zai kore shi daga ɗaki. A huda gindin ƙahon wuri huɗu, a sa guntuwar fata ta ciki ta tare zaren don kada ya yanke ƙwarya, a kuma dakushe tsininsa da magagari.

*Hattara:* kada a yi ado da idon zakara. Jajayen 'ya'yan nan masu baƙin kai suna da dafi mai kisa in an tauna, ko in garinsu ya shiga rauni wurin hudawa, kuma fuskar nan hannun ƙananan yara za ta zaga. Wuri ko dutsen ado na katako sun maye gurbinsa.

6. Launi

Bayan ƙwarya yana da maiƙo na halitta wanda ke ture ruwa. Goge shi da samfefa mai laushi har ƙyallin ya dushe, ka share ƙurar. Kowane launi ka fara gwada shi a kan sakainar ƙwaryar da ka yanke, ka bar shi ya bushe kafin ka yanke hukunci.

Fara da zanen wuta, domin shi ne ba ya gogewa. Ɗora bayan tsohuwar wuƙa a garwashi, ka ja layukan gira, tsagen kunci da yamutsin goshi. Ja da sauri yana ba da ruwan ƙasa, ja a hankali yana ba da baƙi. A ganina fuskar da aka yi wa zanen wuta mai kyau da fari kaɗan ta fi wadda aka cika da launi biyar.

Ja daga karan dafi yake fitowa. Daka shi, ka zuba ruwan zafi kaɗan da ɗan gutsuren kanwa, nan take zai saki jini. Shafa da tsumma, ka jira ya sha, ka maimaita sau biyu ko uku. Kanwa in ta yi yawa tana mai da shi baƙi-baƙi. Baƙi kuma, jiƙa dakakkiyar bagaruwa a kwano ɗaya, tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa ko kashin maƙera a wani kwanon da ruwan tsamiya, su kwana biyu ko uku. Shafa ruwan bagaruwa tukuna, in ya sha ka bi da ruwan ƙarfe, a gabanka zai rine. Mai gaggawa ya yi amfani da tawadar allo. Rawaya ana samunta daga gangamau, sai dai rana tana kashe ta da wuri.

Fari shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ke sa a ga fuska da dare. Jiƙa ƙaro ya kwana, kashi ɗaya na ƙaro da kashi uku na ruwa, ka tace da tsumma. Niƙa farar ƙasa ka tankaɗe, ka dama da ruwan ƙaron ya yi kaurin koko. Da gashin kaza ko asuwakin da aka tauna ka zagaye ido da baki. In ya bushe yana gogewa a yatsa, ƙaro ya yi kaɗan, in yana tsattsagewa yana ɓarewa, ya yi yawa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ƙaro yana narkewa a ruwa, don haka wanda zai yi wasa a dandali ƙarƙashin fitilu masu zafi da ke sa gumi, irin ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ya ƙara cokali ɗaya na farin gam ɗin kafintoci a cikin damun.

Bayan kwana ɗaya a murza man kaɗanya kaɗan a kan ja da baƙi da zanen wuta. Kada man ya taɓa fari, yana mai da shi ruwan toka.

*Hattara:* yara sukan fasa tsohon batir su ɗebi baƙin ciki. A hana su, yana cin fata kuma guba ne. Cikin fuskar kuma, in ba ƙaron gyaran tsaga ba, ba a shafa masa komai, ko fenti ko turare.

7. Geza da gemu

Yanka rama ta ninka tsawon da kake so sau biyu. In za a rina, yanzu ne: karan dafi a gida, shuɗi kuma a kai marina. A ɗauraye har ruwa ya fita fes, in ba haka ba wuyan riga zai sha rini. In ta bushe, a buga ta a kan turmi a tsefe ta da yatsu.

Jera huji a gefen ƙwaryar, yatsa ɗaya daga baki, yatsu biyu tsakanin kowanne. Zura igiya mai ƙarfi ta zagaye ta cikinsu. A jikin igiyar nan ake ɗaura rama, ba a cikin hujin ba, saboda in ta tsufa a kwance ta a sa sabuwa ba a taɓa ƙwaryar ba. Ɗauki tufka mai kaurin ɗan yatsa, ninka ta biyu, tura kan ninkin ƙarƙashin igiya, zaro bakunan ta cikinsa ka ja. Fara daga tsakiyar goshi ka sauka gefe biyu don nauyi ya daidaita. Ta saman goshi a gajarce ta ko a kwantar da ita baya, kada ta zubo kan ido. Gemun tsoho da auduga ake yi, a ɗinka ta a kan yadi tukuna. Ƙeya kuma a rufe ta da ashasha ko tsohon zane, ban da buhun leda.

*Hattara:* busasshiyar rama da auduga suna kama wuta cikin ƙiftawar ido, kuma a shekarun nan azumi cikin rani yake faɗowa. Gemu kada ya wuce ƙirji, geza kada ta wuce kafaɗa ga yaro. A yayyafa mata ruwa kafin a fita, a kuma ja kunnen yara kada mai fuska ya riƙe aci-balbal ko kyandir, ko ya matsa kusa da tukubar mai tsire.

8. Ciki da maɗauri

Naɗa ƙaramin gammo na yadin auduga, ka ɗinka shi ta ciki inda goshi ke zama, da wasu ƙanana biyu a wajen kumatu. Su ne ke tsayar da fuskar kada ta dinga zamewa. Bakin ƙwaryar na wajen haɓa a lulluɓe shi da fata mai laushi.

Maɗauri uku ne: biyu daga gefe, sama da kunne kaɗan, na uku daga tsakiyar goshi ya bi saman kai ya same su a ƙeya. Na saman ne ke ɗauke nauyi. A yi su da fata, amma a ƙeya a haɗa da robar wando, yadda yaron zai fizge fuskar da hannu ɗaya in wani abu ya taso. Ba a ƙulla ta da ƙullin da sai wani ya kwance, kuma babu igiyar da za ta bi ta wuya.

9. Gwaji kafin fita

A gwada bayan isha'i, a irin duhun da za a yi wasan. Yaron ya sa, ya kalli yatsun ƙafarsa ba tare da ya taɓa fuskar ba, ya tsallake kwata, ka tsaya a gefensa ka ɗaga hannu ya faɗa maka yatsu nawa. Ya yi tsalle da waƙa na minti 5. In yana haki fiye da ƙima ko muryarsa ba ta fita, ƙara faɗin baki. In an cire ka ga jan sawu a karan hanci ko goshi, ƙara gammo ko ka goge wurin.

Kowane ayari ya kasance da babba ɗaya marar fuska, a ɗage ta sama in za a tsallaka titi, a kuma tambayi mai unguwa ko hukuma ta sa wata ƙa'ida kan tashe a wannan shekarar. In yara za su yi karɓa-karɓa, a canja gammo, mai ciwon ido ko makero kuma kada a ba shi.

10. Ajiya

Bayan Sallah a cire gammon a wanke, a goge cikin da tsumma mai ɗan danshi, a shanya a inuwa yini guda. A cusa busasshen ganyen dogonyaro a ciki, a naɗe da tsohon zane, a rataye ta nesa da bango saboda gara, nesa kuma da inda ɓera zai kai, domin yana cin ƙaro da fata. Kada a ƙulle ta a leda, damunar Zariya za ta sa ta funfuna. A sauko da ita cikin Agusta a duba. In an ga gari yana zuba daga ƙananan huji, a turara ta da hayaƙi na rabin yini, a toshe hujin da kakin zuma. In shekara ta zagayo a sake auna ta da fuskar yaron, wanda ya girma a ƙara masa faɗin ido ta wajen kunne, ko a miƙa ta ga ƙanensa.